Ziyarar 'ya a Ithaca: lokaci, hanya da maganar gwiwar Hajiya

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Zangon Kumasi ne, shekarata 19 a Bronx, cikin birnin New York, ina tuƙin tasi. Allah ya sa 'yata ta fari ta samu gurbin karatu a Jami'ar Cornell da ke Ithaca, ta tafi a watan Agusta. Ranar kai ta ban samu zuwa ba, ƙanina ne ya kai ta. Yanzu ina so mu je mu gan ta, ni da mahaifiyarta da ƙannenta biyu, da mahaifiyata mai shekara 74 wadda ke fama da ciwon gwiwa. An ce mini ka taɓa zama a garin. Yaushe ya fi dacewa mu je, kwana nawa ya isa, me za mu gani, kuma yaya maganar salla da abinci?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Barka da arziki. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya sa a gama lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi.

Wanda ya gaya maka bai yi kuskure ba. Shekara 5 na yi a Ithaca ina karatun kimiyyar ƙasar noma, kuma a tsawon zaman nan ɗan falona ya sauki iyaye da yawa, daga masu kawo ɗa har masu zuwa bikin kammala karatu. Tambayoyinka huɗu ne: lokaci, yawan kwana, abin gani, sai salla da abinci. Amma abin da ka ambata a tsakiyar saƙonka, ciwon gwiwar Hajiya, shi ne zai yanke hukunci a kan kusan dukkansu. Ithaca gari ne na hawa da gangara. Baƙo yakan tsara ziyararsa da taswirar waya, ya ga daga wuri kaza zuwa wuri kaza tafiyar minti goma ce, sai ya isa ya tarar minti goman nan duk hawan tudu ne.

Yadda garin yake kwance

A jihar New York, can ciki nesa da birni, akwai tafkuna 11, dogaye sirara, kwance daga arewa zuwa kudu kamar mutum ya ja yatsunsa a kan ɗanyen yumɓu. Shi ya sa ake kiran yankin Finger Lakes, wato tafkunan yatsu. Ithaca na zaune a ƙarshen kudu na wanda ya fi su tsawo, tafkin Cayuga. Kai da ka san tafkin Bosomtwe na Ghana, ka cire siffarsa daga ranka. Bosomtwe zagayayye ne kamar ƙwarya. Cayuga kuwa tsawonsa ya kai kilomita 61, matsakaicin faɗinsa bai cika kilomita 3 ba, zurfinsa a inda ya fi zurfi mita 133. Idan ka tsaya a bakinsa kana hangen gidajen ƙetare, amma ba ka ganin ƙarshensa, har ka ɗauka kogi ne.

Ƙanƙara ce ta haƙa shi. A zamanin da can, wata shimfiɗar ƙanƙara mai kaurin gaske ta riƙa gangarowa daga wajen Kanada, tana bin kwarin tsofaffin koguna tana kankare su tana ƙara musu zurfi. Da ta narke sai manyan kwaruruka suka cika da ruwa, ƙananan rafukan da ke zuba cikinsu daga gefe kuma suka zama a rataye can sama. Dole ruwan ya nemi hanyar sauka. Dutsen wurin falle-falle yake kamar an tara takardu, ba ya wuyar ɓarewa, sai ruwa ya yi ta yankansa har aka samu kwazazzabai masu zurfi, kowane da matsirgarsa, wato inda ruwa ke faɗowa daga sama. Mutanen garin na alfahari da cewa akwai matsirga fiye da 150 a kewayen mil 10.

Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne garin kamar kasko yake. Gindin kaskon shimfiɗaɗɗe ne: nan ne tsakiyar gari, da titin masu ƙafa da ake kira Commons, da kasuwar manoma, da bakin tafki. Gefe uku tudu ne, gefe na huɗu ruwa. Cornell na kan tudun gabas, sama da mita 100 bisa tsakiyar gari. Kwalejin Ithaca, wadda aka kafa a 1892, tana kan tudun kudu, babban asibitin garin kuma yana kan tudun yamma. Ita kanta Cornell tsakanin kwazazzabai biyu take, Fall Creek daga arewa, Cascadilla daga kudu. 'Yan shekarar farko a North Campus suke kwana, ƙetaren Fall Creek, don haka 'yarka kullum safiya sai ta tsallaka gada, ruwa na ruri a ƙarƙashinta, kafin ta isa aji.

Ƙasar asalinta ta mutanen Cayuga ce, ɗaya daga cikin al'ummun Haudenosaunee, wato 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, waɗanda sojojin Amurka suka ƙona garuruwansu a 1779. Sunan Ithaca daga wani tsibirin Girka aka aro shi. Jami'ar kuwa Ezra Cornell, wanda ya yi arzikinsa da wayar tangaraho, shi da Andrew Dickson White suka kafa ta a 1865, da ƙudurin cewa kowane mutum ya samu kowane irin ilmi. A ƙidayar 2020 mutanen birnin sun ɗan haura 32,000, ɗaliban Cornell kaɗai kuma sun wuce 20,000. Ka ga kenan garin da jami'a yake numfashi. Idan ta cika ya cika, idan ta watse ya yi tsit, kuma kuɗin ɗakin otal ma jadawalinta yake bi.

Lokaci

Akwai lokaci biyu da ba na so baƙo ya zo sai da dalili: ƙarshen Agusta da ake kai ɗalibai, da ƙarshen Mayu, makon hutun Memorial Day, da ake bikin kammala karatu. Na biyun zai same ka in sha Allahu nan da shekara 4, don haka ka rubuta ka ajiye tun yanzu: ɗakin wannan makon shekara guda kafin lokacin ake kama shi. Na ga iyalin da suka taso tun daga Najeriya, suka rasa ɗaki a duk garin, sai a Cortland suka kwana, kullum suna zirga-zirgar fiye da rabin awa zuwa, rabin awa komawa.

Daga Disamba zuwa Maris kada ka kawo Hajiya. Sanyin ya fi na Bronx, kuma ba sanyin ne ma ya fi damuna ba, santsin ne. Gangarar da matashi ke sauka da gudu a Satumba, a Janairu gilashi take zama. Tafkin Ontario na arewa, iska na ɗebo danshinsa tana jibge wa yankin gajimare da dusar ƙanƙara. Ithaca ba ta samun irin abin da Syracuse ke samu, amma za a iya yin mako guda rana ba ta leƙo ba. Yawancin hanyoyin cikin kwazazzabai ma rufe su ake yi tun wajen Nuwamba, sai bazara. Afrilu laka ne da ruwan sama. Yuni zuwa Agusta garin ya fi daɗi, sai dai wadda za ku je gani tana gida a lokacin.

Saura Oktoba, kuma shi ne amsata. Wajen tsakiyar watan ganyen itatuwa ke juyawa ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro, tuddan nan uku su zama kamar an shanya atamfofi. Da rana rigar sanyi ɗaya ta isa, da dare kuwa ana iya wayar gari da raɓa ta daskare a gilashin mota, don haka a ɗauko wa Hajiya safa mai kauri da mayafin ulu. Ka yi ƙoƙari ku je kafin Lahadin farko ta Nuwamba da ake mai da agogo baya, domin daga nan magariba kafin ƙarfe 5 take yi, yinin ya gajarce.

Kafin ka tsai da rana, ka tambayi yarinyar abu ɗaya: yaushe take da "prelim". Haka 'yan Cornell ke kiran jarrabawar tsakiyar zango, kuma da yawa da daddare ake yin su, ranakun Talata da Alhamis. Yaran namu ba za su ce wa uba kada ya zo ba. Za ta ce "to Baba", ta yini tana zagayawa da ku, ta kwana tana karatu. Kai ne za ka tambaya, kuma ka tambaya ta yadda za ta iya faɗin gaskiya.

Akwai dabarar da na ga ta yi wa wasu aiki. Jami'ar na ba da ɗan hutun kaka daga Asabar zuwa Talata, wanda ke haɗawa da Litinin ta biyu a Oktoba. Ku taso daga Bronx ranar Juma'ar da ke gabansa bayan asuba, ku riski sallar Juma'a a Ithaca, ku kwana biyu, ranar Lahadi ku taho da ita gida ta ci tuwon mahaifiyarta, Talata ta koma a bas. Sai dai ku shida kenan a dawowa, ana buƙatar mota mai kujera bakwai, kuma ɗakuna na tsada a wannan makon, wasu otal ma ba sa ba da ƙasa da kwana biyu. Idan ka ga bai yi ba, makon da ke biye ma ganyen bai gama zuba ba. Kwana biyu ya isa. Kwana ɗaya zalunci ne ga tsohuwa, awa takwas zuwa tara a mota cikin yini biyu.

Hanya da masauki

Ba zan koya wa direban shekara 19 tuƙi ba. Tafiyar kusan mil 225 ce, wato kilomita 360, awa huɗu zuwa huɗu da rabi ban da tsayawa. Ko ka bi I-80 da I-380 zuwa Scranton, ka hau I-81 ka wuce Binghamton, ka sauka a Whitney Point ka kama hanya mai lamba 79. Ko ka bi lamba 17 ta cikin tsaunukan Catskill, wadda ta fi kyan gani a Oktoba. Jirgin ƙasa na fasinja ba ya zuwa Ithaca, filin jirgin samanta ƙarami ne, babbar hanya ma ba ta ratsa garin ba.

Abu biyu ne ba irin na birni ba. Na farko barewa. Sashen ƙarshe na tafiyar siririyar hanya ce ta cikin gonaki da daji, babu fitilu, kuma Oktoba da Nuwamba ne lokacin da bareyi suka fi tsallaka titi, musamman da almuru da asuba. Idan ɗaya ta tsallaka, ka taka burki ka jira, akwai ta biyu a bayanta. Na biyu gangarar shiga gari, doguwa ce mai tsayi, ka sa ƙaramar giya ka bar inji ya riƙe motar. A cikin jami'a kuma kada ka ajiye mota sai ka karanta allon wurin, yawanci sai da izini ko biya ta waya. Ka sauke Hajiya a ƙofar duk inda za ku shiga, sannan ka je neman wurin ajiyewa.

Masauki: akwai otal ɗin Statler a tsakiyar jami'a, inda ɗaliban makarantar koyon aikin otal ke samun horo, amma da tsada. Masu sauƙin kuɗi na kan hanya mai lamba 13 a kudancin gari, wasu kuma ta arewa wajen Lansing, kusa da North Campus. Ga iyali irin naku na fi son gidan haya mai kicin. Sai dai ka tambayi mai gidan kai tsaye: mataki nawa ne daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofa, kuma akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa? Gidajen Ithaca da yawa tsofaffin gidajen katako ne a jikin tudu, hoto ba ya nuna matakalar.

Abin gani

Bari in ba ka labarin abin da ya koya mini wannan darasi. A shekarata ta biyu mahaifin wani abokina ya zo, dattijo mai kimanin shekara 70, da babbar riga da takalmin fata mai santsin ƙasa. Don ɗokin in nuna masa abin da na fi so a garin, sai na bi da shi ta kwazazzabon Cascadilla, hanyar da ke tashi daga tsakiyar gari ta haura har bakin jami'a, mai mataki wajen 400 na dutse, ruwa na tsatsafowa daga bango yana jiƙa su. Bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. A tsakiyar hanya ya zauna a kan wani mataki, ya cire takalman ya riƙe a hannu, ya ninke hannun rigarsa a kafaɗa, ya ce mu ɗan ba shi lokaci. Babu mota da za ta iya zuwa wurin, gaba hawa, baya gangara. Mun fita, amma sauran kwanakinsa a gida ya yi su da kumburarriyar gwiwa, bai ga ɗakin karatun ɗansa ba, wanda shi ne abin da ya ƙetaro teku don ya gani. Har yau abin na damuna.

Don haka ga yadda nake raba wuraren yanzu. Akwai waɗanda Hajiya za ta gani daga mota ko da 'yan taku kaɗan, kuma alhamdu lillahi su ne manya.

Na farko Taughannock, tafiyar kamar minti 20 arewa da gari a hanya mai lamba 89, ta gefen yammacin tafki. Ruwan na faɗowa mita 66 a miƙe, ya fi Niagara tsawo, ko da yake siriri ne, ba shi da faɗin Gurara ko Kintampo. Akwai wurin hange daga sama inda mota ke tsayawa dab da shi, Hajiya za ta ga ruwan gaba da gaba, ga katangun dutse sun kewaye shi kamar rijiya. Akwai kuma hanyar ƙasa, shimfiɗaɗɗiya, kimanin kilomita 1.2 zuwa gindin ruwan. Idan kuna da keken guragu na ninkewa, ku zo da shi ko da Hajiya ba ta saba hawa ba, a lallashe ta, domin tsayawa a gindin nan feshin ruwa na taɓa fuska daban yake da hange. Ka sani idan damina ta yi ƙaranci ruwan kan ragu sosai a farkon kaka, idan kuma an yi ruwan sama kwana biyu kafin zuwanku, kun yi sa'a. Ithaca Falls, mai tsawon mita 46 da faɗi sosai, a cikin gari take, ana ganinta daga gadar Lake Street. Buttermilk kuma daga wurin ajiye motoci ake ganinta, ruwan na gangarowa a jikin dutse fari fat kamar an zuba nono.

Da yamma ku je Stewart Park, a daidai ƙarshen tafkin. Fili ne shimfiɗaɗɗe da kujeru da lilon yara, ana ganin Cayuga ya miƙe har inda ido ya ƙare. Nan nake zama da baƙi in ba su labarin abin da ke ƙarƙashin ruwan. Can ƙasa da gindin tafkin, zurfin kusan mita 700, akwai ma'adinar gishiri, mashigarta a Lansing, kuma gishirin da ake haƙowa shi ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara, irin wanda ke cin ƙarfen motarka. Tun shekarar 2000 kuma Cornell ke jawo ruwan can ƙasa mai sanyin kusan digiri 4 tana sanyaya gine-ginenta da shi maimakon manyan injinan sanyi. Yara na son wannan labarin.

Asabar da safe kasuwar manoma ce a Steamboat Landing, doguwar rumfar katako a bakin ruwa. Ƙa'idarsu ita ce abin da mutum ya noma ko ya sarrafa a cikin mil 30 daga garin shi zai sayar. Ku je da wuri kafin wurin ajiye mota ya cika. Oktoba kakar tuffa ce, kuma a nan sana'ata ke motsawa: irin tuffa da ake kira Empire da Cortland da Jonagold duk daga tashar binciken noma ta Geneva suka fito, wadda ke ƙarƙashin Cornell a bakin tafkin Seneca. Ku sayi kala uku ko huɗu ku yanka ku ɗanɗana a jere, za ku gane tuffa ba abu ɗaya ba ce.

A cikin jami'a, wuri ɗaya da ba na so ku rasa shi ne gidan kayan tarihi na Johnson, ginin da I. M. Pei ya zana aka buɗe a 1973. Shiga kyauta ne, ana rufewa ran Litinin. Ku hau lif zuwa hawa na biyar, inda tagogi suka kewaye ginin. Daga nan Hajiya za ta ga gari da tafki da tuddai gaba ɗaya ba tare da ta taka mataki ko ɗaya ba, jikarta kuma ta nuna mata da yatsa: can nake kwana, can nake karatu, ga gadar da nake bi. Daga nan sai Dairy Bar a Stocking Hall, inda ake sayar da askirim daga madarar shanun jami'a, amma a duba lokacin buɗewarsu tukuna.

Masu mataki kuwa a bar wa yara da yayarsu: Cascadilla, da hasumiyar agogo ta McGraw mai mataki 161 idan tana buɗe, da kwazazzabon Watkins Glen mai mataki fiye da 800, wanda ke da nisan kamar minti 40. Niagara awa uku ce daga Ithaca, kada ka haɗa ta da wannan tafiyar, duk yadda yara suka matsa.

Tunda yaranka a Amurka suka tashi, ina so ka ɗan tsaya da su a cocin St. James AME Zion da ke Cleveland Avenue. Baƙaƙen fata ne suka gina shi tun shekarun 1830, kuma ya zama maɓoyar bayi masu gudu zuwa Kanada. Gidan Harriet Tubman, matar da ta yi suna wajen kuɓutar da bayi, ma na Auburn, tafiyar kamar awa ɗaya. Kusa da ɗakin kwanan 'yarka kuma akwai cibiyar nazarin Afirka ta Africana, wadda aka kafa a 1969, shekarar da ɗalibai baƙaƙe suka mamaye ginin Willard Straight. Marigayi Farfesa Ali Mazrui ya daɗe yana da alaƙa da ita.

Gargaɗi biyu, kuma ba na wasa da su. Kada yaro ya shiga ruwan kwazazzabo ko ya tsallake shinge don ɗaukar hoto. Ruwan kan yi kamar kwance, amma a ƙarƙashin matsirga akwai juyi da ramuka a jikin dutse, kuma ya ci rayukan matasa da suka iya iyo. Sai kaska. Ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, suna cikin doguwar ciyawa da busasshen ganye, suna ɗauke da cutar Lyme. A tsaya kan hanya, da dare uwa ta duba bayan kunne da bayan gwiwar yara.

Salla da abinci

Ana sallar Juma'a a cikin jami'a a Anabel Taylor Hall, ginin da ke ɗauke da harkokin addinai, kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ake kira MECA ce ke kula da ita. Akwai kuma masallacin Al-Huda a Lansing, 'yan mintuna a mota daga North Campus, inda iyalan gari ke taruwa. Saboda ajiye mota, Al-Huda zai fi muku sauƙi. Amma ni da za ka bi tawa, a jami'a za ku yi. Za ka ga waɗanda 'yarka ke salla da su, su ma su gan ka. Yarinyar da aka san fuskar mahaifinta da kakarta a sahu ba ɗaya take da wadda ba a san kowa nata ba. Lokacin huɗuba na canzawa da zango, ita za ta gaya maka.

Alƙibla irin ta Bronx ce, arewa maso gabas. Lokutan salla kuwa sun ɗan yi jinkiri da kimanin minti goma saboda garin ya fi yamma, don haka ka bar waya ta sabunta wurin da kake, kada ka bi takardar masallacinku. Ku sa galan na ruwa da buta a bayan mota, domin banɗakunan wuraren shaƙatawa wasu a rufe suke idan sanyi ya fara. Na sha yin la'asar a ciyawar bakin tafki a Taughannock, ba wanda ya taɓa ce mini komai sai murmushi. Sai dai ku zo da tabarmar roba ku shimfiɗa ƙarƙashin darduma, dinyoyin daji sun cika ciyawar da kashi, musamman a Stewart Park.

Abinci, gaskiya ɗaya ce: kai ne ke zaune a kasuwa. Abin da kake samu a kusurwar layinku a Bronx, a Ithaca sai an yi cigiya. Jami'a na da sashen halal a wasu ɗakunan cin abincinta, baƙo kuma na iya biya a ƙofa ya ci, kuma yana da kyau ku ci sau ɗaya tare da ita ku ga abin da take rayuwa a kai. A gari akwai kifi da abincin ganye da yawa. Moosewood, wanda aka buɗe a 1973, da girkin da babu nama ya yi suna. Amma a cika kula tun daga gida: waake da shito, soyayyen nama, garin tuwo, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji. Ɗakunan kwanan ɗalibai na da kicin na haɗaka. Ranar da mahaifiyarta ta ɗora tukunya a can, ƙamshin kaɗai zai tara mata ƙawaye.

A kula da abin sha. Yankin nan na inabi ne, zurfin tafkunan na rage kaifin sanyi a gangarensu, don haka gidajen barasa sun jeru a hanyar 89, kuma akwai rumfunansu a kasuwar manoma. Ruwan tuffa kala biyu ne: wanda aka rubuta "sweet cider" ko "fresh cider" matsattsen ruwa ne kawai, wanda aka rubuta "hard cider" barasa ce. Kwalaben kan zauna a teburi ɗaya. A tambaya kafin a miƙa wa yaro kofin ɗanɗano.

Ragar da ke ƙarƙashin gada

Idan kuka tsaya a kan gadojin jami'a kuka leƙa, za ku ga ragar ƙarfe a shimfiɗe a ƙasa. Yara za su tambaya. An fara da shinge ne bayan wasu ɗalibai sun hallaka kansu a shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010, daga baya aka sa ragar. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba. Na kawo shi ne don makarantar na da nauyi, kuma yaran da ke zuwanta duk sun saba zama na ɗaya. Yarinya ta baro gida mai hayaniya, da kaka da ƙanne da maƙwabta masu jin yarenta, ta koma ɗaki a kan tudu inda rana ke ɓacewa kwana da kwanaki. Ni da na je da gemuna, hunturuna na farko sai da na yi makonni ina jin nauyin tashi daga gado, ban kuma gaya wa kowa a gida ba.

Ni ba likita ba ne, abin da na gani nake faɗa. A cikin kwana biyun nan a bar ta da mahaifiyarta su kaɗai na awa ɗaya ko biyu, ba yara, ba yawo. Kai ma idan kun keɓe, kada tambayarka ta farko ta zama ta maki. Ka tambaye ta da wa take cin abinci, tana samun barci, wa za ta kira idan ba ta da lafiya da tsakar dare. Asibitin ɗalibai na da masu sauraron irin wannan damuwa, ka gaya mata da bakinka cewa zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne a gidanku. Ka kuma duba rigar sanyinta da takalminta da idonka. Wanda ya ishe ta daga gida zuwa tashar jirgin ƙasa a Bronx ba zai ishe ta hawan tudun Libe Slope na cikin jami'a a Janairu ba. Tana buƙatar doguwar riga mai rufe gwiwa da takalmi mai haƙora a ƙasa wanda ruwa ba ya shiga.

Ziyarar Oktoba ta Hajiya ce da yara. Akwai ta biyu da nake roƙonka, wajen tsakiyar Fabrairu, lokacin da garin ke cikin sanyi da duhu, ba mai zuwa ganin kowa. Kai da mahaifiyarta kaɗai, da kula cike da abinci, kwana ɗaya. Ka duba hasashen yanayi na kwana uku kafin ka taso, musamman tsakanin Scranton da Binghamton inda hanya ke bin tsauni, ka tabbatar tayoyinka na da haƙora, ranar komawa kuma ku bar Ithaca da an idar da azahar don ku fita daga hanyar 79 da sauran haske.